Rigar da Ta Tsaya a Gwiwa

Ku samarin unguwar nan, idan kun wuce ta ƙofar zaurena kun gan ni a kan tabarma da riga a cinya, ina jin abin da kuke cewa. Wai Baba Sani ya more, sana'arsa zaman inuwa. Wani cikinku ma ya ce ɗinkin hannu ai soka allura ne ka zaro, ko kakarsa za ta iya. Ban ji haushi ba, don na san kakar tasa, kuma lallai za ta iya. Shi ne dai ba zai iya ba. To ku gyara zama ku ji yadda aikin yake, da yadda na kusa kashe wannan zauren da hannuna.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Allura ce, da zare, da almakashi, sai alƙalamin kara da tawada na zana ado a ƙirjin riga. Duka aljihu ɗaya zai ɗauke su, shi ya sa kuke raina mu. A nan Ƙofar Gayan na koya, wajen ƙanen mahaifiyata, Kawu Tanimu, kuma na shekara biyu cur bai bar ni na taɓa ado ba. Aikina harhaɗa ƙwarya. Tufar saƙa ba ta zuwa da faɗi kamar yadin kanti. Masaƙi siririya yake saƙa ta, faɗinta bai fi yatsu uku ba, ita ake kira ƙwarya, sai an jera su da yawa an ɗinke gefe da gefe kafin a sami babbar riga. Kawu ba ya zagi, ba ya duka. Da la'asar sai ya ɗauki abin da na wuni ina yi, ya bi shi da babban yatsa, in ya ji tudu ko ɗaya sai ya sa bakin almakashi ya warware duka, yana yi mini hirar damina. Na sha fatan da ma ya mare ni in huta.

Mu shida ne a zauren, kuma masu kawo aiki iri-iri ne. Na tuna wani ma'aikacin gwamnati da ya zo saura kwana biyar Salla, yana son aska takwas, adon da ke cin wata uku. Kawu ya ce ba zai yiwu ba. Mutumin ya ce ai shi a ofishinsu ba a cewa ba zai yiwu ba. Kawu ya ce to ya kai ofishin a ɗinka masa. Irin waɗannan suna zuwa suna wucewa. Wanda yake riƙe da zauren mutum ɗaya ne, Alhaji Mamman na Damagaram, can cikin Nijar, wanda ban taɓa gani da idona ba.

Alhaji Mamman ba ya zuwa awo. Igiya yake aikowa, siririya, da ƙulli a kowane ƙarshe, tsakanin ƙullin biyu shi ne tsawon rigarsa daga kafaɗa zuwa idon sawu. Abokansa 'yan kasuwa ma ta hannunsa suke aiko da nasu igiyoyin. Direban babbar mota ke kawo mana, mu kuma mu aika Bida wajen wani tsohon masaƙi Banufe, Baba Ndagi. Shi zai saƙa farar tufa ya aiko. Mu harhaɗa, mu yi ado. Daga nan a kai Kura ta ƙasar Kano, wajen Malam Inuwa marini, ya tsoma ta a rijiyar baba har ta yi baƙi wuluk, mabuga su shimfiɗa ta kan gungumen itace su yi ta dukanta da shuni har ta riƙa ɗaukar ido. Ita ce rigar da ake kira kore. Kafin ta hau jikin mai ita ta ga garuruwa huɗu, fiye da yawancin mutanen unguwarmu a lokacin.

Abu biyu ke ba ni haushi a wannan tsari. Na farko Baba Ndagi. Wata rana na sa igiyar Alhaji a kan tufar da ya aiko, sai na ga ta zarce da taƙi uku cif, wato buɗin hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya, har sau uku. Na gwada wata, haka. Na gaya wa Kawu cewa tsohon nan bai iya awo ba, ɓarnar zare kawai yake yi. Kawu bai ko ɗago kai ba.

"Ɗinka abin da aka kawo maka," in ji shi.

Na biyu Malam Inuwa. Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, to shi ya mai da shi abincin safe. Duk ranar da na kai kaya Kura, tun daga nesa zai ɗaga hannuwansa masu shuɗi ya ce wa mutanen karofi, wato wurin rinin, su matsa, ga bawansa ya kawo gaisuwa. Sai ya ce in zauna in faɗi cikakken sunana, yana da lokaci har azahar, don wai sunan Bazazzagi ba ya ƙarewa. Kawu dariya yake yi wa irin wannan ya rama da abin da ya fi shi. Ni kuwa a lokacin jinina na kan tafasa, ina ganin ai mu ma muna da karofi a Zariya, muna da masaƙa a ƙauyukan bayan ganuwa, me ya kai mu yawon ƙasashe ana yi mana dariya.

Sai shekarar nan ta zo da soja suka rufe iyakokin ƙasa, aka canja kuɗi, kasuwa ta tsaya cak. Malamai suka koma wanke tsofaffin rigunansu. Ma'aikata suka gano telolin keke masu yin ado cikin kwana biyu. Mu shida muka zauna muna korar ƙuda, har biyu daga cikinmu suka fara maganar komawa gona. A shekarar ce kuma yanar ido ta kama Kawu, ya daina ganin kafar allura, ya koma cikin gida ya bar mini zaure. Ana cikin haka wani ɗan kasuwar goro ya ɓullo ta hanyar daji da igiya ɗaya tak a aljihu. Alhaji Mamman zai aurar da babban ɗansa, yana son kore mai aska takwas. Ita ce kaɗai aikin da ya shigo zauren cikin wata huɗu.

Na dubi igiyar nan na ce lokacina ya yi. Rediyo kullum maganar dogaro da kai take yi, ni kuwa na ɗauka da ni take. Na tara abokan aikina na ce wannan rigar daga zarenta har ƙyallinta a ƙasar Zazzau za a yi ta, ba Banufe ba Bakano. Suka ce ko a gaya wa Kawu. Na ce Kawu ba shi da lafiya, kada a dame shi.

Na kai igiya wajen wani masaƙi a wani ƙauye bayan gari, mutumin kirki, aikinsa tsaf. Na ce ya saƙa daidai ƙulli zuwa ƙulli, ko yatsa ɗaya kada ya ƙara. Ya juya igiyar a hannu ya ce, "Malam Sani, ba za a bar wa ruwa rabonsa ba?" Na ce ruwa ba shi da gado a rigar nan. Ya yi yadda na ce, ya riƙe igiyar a wurinsa kamar yadda masaƙa ke yi, ni kuma ban sake tunawa da ita ba.

Wata uku muka yi a kan adon, kuma har yau ban yi wanda ya fi shi ba. Kowace aska ta fito da tsininta, zagayen ƙirji ba inda ya karkace. Kullum in na shiga gaishe da Kawu sai ya tambaye ni ko an ji labarin Ndagi, in ce yana gaishe shi. Ya ce Inuwa fa, in ce yana nan da bakinsa. Wannan ta biyun dai ba ƙarya na yi ba. Da muka gama na kalmashe ƙasan rigar na sa mata shafi, na kai karofin garinmu aka rina, mabugan garinmu suka buge ta. Ta dawo tana sheƙi, ƙamshin baba ya cika zaure. Na zura ta a jikina don in gani, ta sauka daidai idon sawuna, na yi juyi biyu abokan aiki suna sa albarka. Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne, ni ɗin nan da kuke gani, in na tsaya bayan buhun masara biyu sai a yi cigiyata.

A makon da ɗan Kawu ya tafi da shi Kaduna a yi masa aikin ido, wata mota ta tsaya a ƙofar zaure da hantsi. Wani mutum ya fito, ya yi ta fitowa. Da zai shigo sai da ya sunkuya har rawaninsa ya goge dokin ƙofa. Ya yi sallama da murya mai kauri ya ce shi ne Mamman, ya shigo Kano kan wata harka, ya ga gara ya ƙaraso ya karɓi rigarsa da kansa. Na tambaye shi yadda ya ƙetare iyaka, ya ce titi suka ruhe, ba su ruhe daji ba. Maƙwabta suka taru, don ba kullum ake ganin mutumin Damagaram mai wannan tsawo ba. Ni kuwa tun da na ɗaga kai na dube shi na tuna a jikin wa na gwada rigar.

Ya yaba ado ƙwarai. Ya shafa, ya ɗaga wajen haske, ya ce Tanimu ya bar magaji. Sannan ya tuɓe tasa ya zura tawa. Rigar ta sauko, ta sauko, ta tsaya a saman gwiwa. Daga nan zuwa ƙasa sai dogon wando da ƙafafu kamar na zalɓe. Wani tsoho maƙwabcinmu ya kama tari ya fita waje, muna jin tarin ya rikiɗe ya zama wani abu dabam.

Alhaji ya daɗe yana kallon gwiwoyinsa. Sannan ya dube ni.

"Ndagi ya rasu?"

"Yana nan da rai, Alhaji."

"Inuwa ne ya rasu?"

"Shi ma lafiyarsa ƙalau."

"To wa ya rasu?"

Na ce ba wanda ya rasu. Na ce ni dai na ga ya kamata a yi aikin a gida, kuma na rantse an bi igiyarsa ƙulli zuwa ƙulli, ba a rage ko zare ɗaya ba.

"Igiyata?" in ji shi. "Malam, igiyata ai ba tsawona ba ce. Rigar hwarko da Tanimu ya yi mini, shekara talatin ke nan, ta zo tana share ƙasa da taƙi guda. Tun ran nan nake ƙulla igiya da ragin taƙi guda, kuma kullum daidai take zuwa. Ban taɓa tambayar dalili ba."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da na fi jin daɗi. Ya tuɓe rigar ya ninke ta da kyau ya ɗora mini a hannu. Ya ce saura kwana ashirin ya koma gida, kuma ta Kura zai bi. In ya tarar da rigar da zai iya tsayawa da ita gaban surukai, to. In bai tarar ba, shi da abokansa za su koma wajen masu keke a Kano, don su aƙalla suna rufe wa mutum gwiwa. Na tsorata ƙwarai, domin na san in igiyoyin Damagaram suka daina zuwa, an rufe zauren nan ke nan, kuma Kawu zai dawo da sabon ido ya ga kufai.

Sabuwar riga ba ta yiwuwa cikin kwana ashirin, sai dai ƙari. Washegari na hau motar Bida da rigar a ƙunshe cikin zane.

Na sami Baba Ndagi a gindin mangwaro yana saƙa, ƙafafunsa na wasa a ƙasa, ƙoshiya na kai da kawowa. Na durƙusa na gaishe shi na kwance ƙunshi. Ya ɗaga rigar ya dube ta, ya tambaye ni ko Alhaji ya yi jika ne. Da na ba shi labari sai ya kira 'ya'yansa, ya sa na maimaita, ya fassara musu da Nufanci, sannan ya aika a kira maƙwabta na sake maimaitawa. Da dariya ta lafa sai ya kama hannuna ya buɗe yatsuna a kan tufa.

"Ɗan Tanimu, duba nan. Wannan taƙi ɗaya na Zariya ne, ku kuke cinye shi a kalmasa. Wannan na rijiya ne, ruwan baba yana tsuke tufa. Wannan na uku kyauta ce, babana ya ce kada masaƙi ya ba mutum daidai wa daida, rowa ce."

Nan na gane komai. Kyautar Baba Ndagi ita ce Alhaji yake ragewa a igiyarsa. Wannan yana ƙari a Bida, wancan yana ragi a Damagaram, mu da Kura muna ci a tsakiya, shekara talatin, ba wanda ya taɓa zama da wani aka yi shawara, kuma riga na fitowa daidai. Ni da na zo da wayona na cire ƙarin na bar ragin. Na gaya masa zancen igiyar Alhaji, ya riƙe baki ya ce ashe duk shekarun nan mutumin yana mayar masa da kyautarsa bai sani ba.

Shi da 'ya'yansa suka ajiye aikin da ke gabansu, kwana huɗu suka saƙa mini ƙarin. Da na fito da hannu zan auna, sai ya buge mini yatsu da ƙoshiya. A nan gindin mangwaron na zauna na yi ɗinkin. In ka haɗa ƙari a layi ɗaya, kowa zai ga tabo ya ratsa riga. Don haka na warware kalmasa, na farke tsakanin ƙwarya da ƙwarya, na haɗa kowace ɗaya a tsawo dabam, wannan sama kaɗan, waccan ƙasa kaɗan, yadda ido ba zai sami layin da zai bi ba. Kwana shida na yi a kai, wuyana ya ƙage. Aikin nan da na shekara biyu ina tsinewa a zauren Kawu, shi ne ya fisshe ni.

Na isa Kura da riga sama baƙa ƙasa fara. Malam Inuwa ya hango ni, amma ran nan bai fara tsokana ba sai da na shimfiɗa ta a gabansa. Ya zagaya ta sau biyu, hannu a baya.

"Wa ya rina saman?"

"Mutanenmu ne, Malam."

"Ba laifi, sun yi ƙoƙari. Wa ya yi awo?"

"Ni ne."

"Haka na zata." Ya juya ga mutanen karofi. "Ku zo ku ga abin da ke faruwa in bawa ya 'yanta kansa."

Ya ce zai gyara, amma rijiyarsa ba ta wanke ɓarnar Zagezagi sai mai ɓarnar ya sa hannu. Na ce ni maɗinki ne, hannuna na farar tufa ne. Ya ce to in ɗauki abata in kama hanya, motar Zariya ba ta tashi ba tukuna. Na naɗe hannun riga na tsuguna. Sai an fara tsoma farin ƙasan shi kaɗai, a ɗaga ya sha iska, a mayar, a ɗaga, har ya kamo saman, sannan a tsoma rigar gaba ɗaya. Kwana huɗu ina wannan a bakin rijiya, warin baba na hawa mini kai, shi kuwa yana zaune a inuwa yana cin gyaɗa yana gyara mini. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi ya gabatar da ni. Amma na lura duk lokacin da launin zai ɓaci, kafin in ankara ya taso ya karɓe da hannunsa. Mabugansa kuma suka ajiye rawunan Buzaye da ke jiransu, suka wuni biyu a kan rigar.

Ran kwana na goma sha tara Alhaji Mamman ya iso. A tsakiyar karofi ya zura ta, ta sauka har idon sawu ta tsaya. Ya sunkuya yana lalube da yatsu yana neman inda aka haɗa, ya nema ya rasa. Malam Inuwa ya ce, "Kada ka wahalar da kanka, Alhaji. Bazazzagin nan ba shi da hankali, amma ya iya allura." A duk rayuwata ba yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan.

Da na ga fuska ta saki sai bakina ya buɗe. Na ce tun da yanzu kowa ya san abin da ke faruwa, me zai hana a sayi tef irin na teloli, kowa ya riƙa awo na gaskiya. Alhaji ya dube ni daga can sama.

"Tef ɗin naka ya san rijiyar Inuwa?"

Kafin ya shiga mota ya ce abokansa huɗu na son riguna, zai aiko, kuma ta Bida za a fara. Aikin nan shi ya ciyar da gidan Baba Ndagi da zaurenmu da karofin Malam Inuwa har aka buɗe iyaka, kuma mutum biyun da ke shirin komawa gona ba su tafi ba.

Na dawo Zariya da hannuwa shuɗi har gwiwar hannu. Na wanke da sabulu, na wanke da toka, na goga da lemun tsami, ko gezau. Na tarar an dawo da Kawu an kwance masa ido, yana zaune a tsakar gida yana kallon kaji kamar bai taɓa ganinsu ba. Na shiga da hannuwa cikin aljihu na durƙusa daga nesa. Ya miƙo mini hannu, ba yadda zan yi. Ya riƙe nawa ya juya su a rana, gaba da baya.

"Mutum ɗaya na sani da zai sa maɗinkin Zariya tsoma hannu a rijiyar baba," in ji shi. "Taƙi nawa ta rage?"

"Uku, Kawu."

Ya gyaɗa kai. "Ka fi ni. Tawa a cinya ta tsaya, kuma mahaifin Inuwa kwana bakwai ya riƙe ni."

Na ce to me ya hana shi gaya mini tun da wuri. Ya ce shi ma an gaya masa. Sannan ya saki hannuna ya ce gobe in buɗe zaure da sassafe, amma kada in kuskura in taɓa farar rigar kowa sai bayan Salla.